Ƙwayar da Ta Ƙi Zama a Jikin Inna

Kafin in iya tuƙa tuwon gidan mijina, sai da na fara koyon kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke zaune kusa da juna har suna jin tarin juna. Ɗayan mijina ne, wanda nake kira Malam. Ɗayar kuma uwarsa ce, wadda duk gidan muke kira Inna.

Malam ɗan fari ne, Inna kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta kama sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin nan". Ana yaye shi aka ɗauko shi daga Kaboji aka kawo wa kawunsa a Kontagora, a nan ya girma, a nan aka sa shi makarantar boko, har ya zama akawu a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Zamanin Turawa ne, lokacin da akawu mai keke yake abin kallo a unguwa. Sai bayan da babansa ya rasu ya je ya ɗauko Inna ta dawo gidanmu da zama, ya gina mata ɗaki mai kallon gabas saboda ta ce tana son hantsi.

Kullum da safe, in ya dawo daga masallaci, sai ya tuɓe takalmi nesa da ƙofarta, ya tsuguna ya ce, "Ina kwana, Inna?"

Ita kuma tana zaune a bakin ƙofa, ta juya fuska ga bango, sai ta ce da ni, "Ke, ki ce masa lafiya lau."

Ni kuma ina riƙe da tsintsiya sai in ce, "Malam, wai lafiya lau."

Shi ke nan, an gaisa. Farkon zuwana abin dariya yake ba ni, har nakan cije leɓe. Daga baya na lura cewa tun kafin a sallame salla Inna take fitowa ta zauna a wurin, ta gyara ɗaurin kallabi, ta juya fuskar tun bai shigo ba. In ya ɗan makara sai ta hau kajin gidan da faɗa ba su yi mata komai ba.

Mace ce mai zafin nama lokacin da na same ta. Kaɗi ne sana'arta, kuma masaƙan unguwarmu har rige-rige suke yi wajen sayen zarenta don ba ya tsinkewa. Tana kaɗi tana magana, tana magana tana lura da tukunyata, kuma ba ta taɓa rasa abin gyarawa a miyata ba. Na ji tsoronta shekarar farko. Bayan na haihu, da ta yi mini wankan jego da hannunta, tsoron ya tafi, na dawo ina sonta kamar ita ta haife ni, ko da yake ban taɓa cin abinci a gabanta ba.

Ciwon a hankali ya shigo, ba wanda zai ce ga ranar da ya fara. Wuyanta ya ɗan taso ta gaba, irin maƙoƙon da muke gani ga mata da yawa a kasuwa, ba wanda ya damu da shi. Sai muryarta ta yi kauri. Sai ta fara jin sanyi a tsakiyar bazara, mu muna neman inuwa ita tana bin rana da zane biyu. Gashin girarta ya zube, fatarta ta bushe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mazarinta. In ta murza shi ya tsaya, sai ta zauna tana kallonsa, kamar tana tunanin ko ta sake murzawa ko ta bari sai gobe. Wata rana na zuba gishiri ya yi yawa a miya, ta ci ba ta ce uffan ba. Ranar ce na tabbata Inna ba ta da lafiya.

A ƙarshen rani kuma akwai wani ciwo da ke zagayo mana duk shekara. In Fulani suka yi kudu da shanu, nono ya yi wuya, ganye ya ƙare sai busasshiyar kuka, tuwon dawa safe da yamma, sai gefen bakin mutane ya fara tsagewa. Leɓe ya yi ja ya riƙa saɓa, harshe ya yi sulɓi ya canja launi, yaji ya zama abokin gaba. Matan Kambari masu kawo mana itace za ka gan su da shi, yaran unguwa da shi, masu goyo da shi. Ba mu ɗauke shi ciwo ba, mun ɗauke shi kamar zafin rana, in damina ta kankama shanu suka dawo yakan tafi da kansa. A shekarar nan ya kama ni saboda ina shayarwa, ya kama Inna kuma fiye da kowa. Nata har jini yake yi in ta buɗe baki za ta yi hamma.

An taɓa yin wani likita Bature da ya zagaya ƙauyukan ƙasarmu yana leƙa bakin mutane, yana duba abin da suke ci. Mutane sun yi ta mamakin mutumin da zai baro garinsu don ya kalli harshen manomi. Bayan tafiyarsa ne aka fara ba da wasu ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a ɗakin shan magani na garin. Malam ya san malamin asibitin da ke wurin, mutum ne mai haƙuri da son jama'a. Wata rana da azahar ya dawo da ƙullin takarda biyu a aljihu, ɗaya nawa, ɗaya na Inna.

Ni na haɗiye tawa nan take. Da la'asar na zagaya bayan gida, abin da na gani ya sa gabana ya faɗi. Fitsarina ya koma rawaya shar, irin rawayar da ban taɓa gani ta fito daga jikin mutum ba. A wurinmu wannan alamar ciwon shawara ce, kuma shawara ta kashe ƙanwar babata. Na fito a guje ina salati, na ce wa Malam maganinsa ya sa mini shawara, wa zai riƙe mini ɗa? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai malamin asibiti ya gaya masa ya manta bai faɗa mini ba. Launin ƙwayar ne, jiki yana ɗaukar abin da yake bukata, sauran ya fita da fitsari. "Duk wanda ya sha haka zai gani," in ji shi. "Da shi ma ake gane mai sha da mai zubarwa." Na yi fushi da dariyar, na ƙi yi masa magana har magariba. Amma kafin kasuwa ta zagayo bakina ya haɗe sumul, na ci yaji har da ƙari.

Yadda aka ba Inna nata kuwa, haka ya kasance. Malam ya tsuguna a inda ya saba, ya miƙo ƙullin da hannu biyu, ya ce, "Ki ce wa Inna magani ne na baki, ɗaya da safe ɗaya da yamma."

Inna ta dubi bango ta ce, "A ajiye can."

Ba ta miƙa hannu ba, ba ta sa albarka ba. Na karɓa na ajiye a kan tabarmarta. Duk wanda ya san uwa da ɗan fari ya san ba za ta yi fiye da haka ba a gaban mutane. Malam ma ya sani, amma sanin bai hana shi jin ciwo ba. Na ga yadda ya miƙe yana karkaɗe rigar da ba ta da ƙura. Abin da ya ƙara dagula lissafi, a makon nan autanta ya zo daga gonarsu ta Sahon Rami da wasu sassaƙe ya ce a jiƙa mata. Shi auta ba kunya tsakaninsu. Ta kama sunansa, ta shafa kansa, ta sha jiƙon a tsakar gida tana yatsine fuska tana sa masa albarka, Malam yana zaure yana jin komai.

Kwanaki suka wuce. Yaran maƙwabta da suka sha ƙwayar suka warke, mai sayar mana da daddawa ta warke, bakin Inna yana nan jiya i yau. In ya yi kamar zai kame, sai ya sake buɗewa. Malam ya koma wurin malamin asibiti ya karɓo wani ƙullin. Mutumin ya ce masa shi dai bai taɓa ganin wanda ya sha wannan ƙwaya da gaske bakinsa ya ƙi warkewa ba, amma tsofaffi sukan karɓa don kunya su zubar a bayan ɗaki. Bai faɗa da mugunta ba, abin da ya saba gani ne. Maganar ta sami wurin zama a zuciyar Malam.

Sai ga wata safiya, yana tsugune yana gaisuwa, idonsa ya faɗa kan wani abu a ƙasa kusa da dokin ƙofa. Ƙwaya ce guda, ta sha raɓa ta fara narkewa, ta rina ƙasar wurin. Ya ɗauke ta da yatsa biyu ya daɗe yana kallo. Ya miƙe bai jira na isar masa da "lafiya lau" ba.

A ɗaki ya ce da ni, "Zubarwa take yi."

Na ce, "Haba Malam, hannunta fa ba ya riƙe abu yanzu. Ko mazari faɗuwa yake yi."

"Kin taɓa ganin ta haɗiye da idonki?"

Ban taɓa gani ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Na auta ta sha a gaban kowa. Ni tun ina yaro, duk abin da ya fito daga hannuna a ajiye can ne." Muryarsa ba ta tashi ba. Mutum ne mai gemu, mai 'ya'ya, wanda dagatai ke gaisarwa a ofis, amma a lokacin yaron da aka ɗauko daga Kaboji ne yake magana. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci guda.

Washegari bai zo ƙofarta ba. Ya dawo daga masallaci ya wuce kai tsaye ɗakinsa, ya ce da ni, "Ki gaishe ta." Bai rage mata komai ba. Goronta yana zuwa, nama yana zuwa ranar kasuwa, har ƙwayar bai daina karɓowa ba, sai dai ya ba ni in kai. Tsugunon nan kawai ya janye.

Inna ba ta tambaya ba, ba ta kuwa da bakin tambaya. Amma kullum da asuba sai ta ja jiki ta fito, a lokacin fitowar ma aiki ce a wurinta, ta zauna a bakin ƙofa, ta gyara kallabi, ta juya fuska ga bango. Tana jin ƙarar takalminsa ya shigo, tana jin ya wuce. Sai ta zauna a haka har ya fitar da keke, ƙarar ƙararrawar ta ɓace a lungu, sannan ta juyo. Ko kajin ta daina yi wa faɗa. Kunun da nake dama mata ta fara barin rabi, daga baya ta koma kurɓa biyu ta ture. Na san ciwon wuya da na baki suna cinta, amma wannan na uku shi ne zai riga su kai ta ƙasa.

Ni kuma ina da hujja a hannuna, hujjar da ba ta faɗuwa. Tun da ƙafafunta suka yi nauyi ba ta iya zagayawa bayan gida kafin gari ya waye, sai na ajiye mata wata tsohuwar farar langa a ɗaki. Ni nake fitar da ita da sassafe, a rufe, kafin kowa ya tashi, in zubar in wanke. Ni da Inna ba mu taɓa ambaton langar nan ba ko sau ɗaya, ita tana yi kamar ba ta san da ita ba, ni ina yi kamar ba ni nake ɗauka ba. Kuma tun ranar da aka kawo ƙullin farko, ba a yi safiyar da abin da ke cikinta bai zama rawaya shar ba.

To, da wane baki mace za ta dubi mijinta ta yi masa zancen fitsarin uwarsa? Yaran yanzu za su ce mene ne a ciki. A lokacinmu ko sunan uwar miji ba ka kamawa, balle wannan. Na gwada. Na zauna gabansa yana cin tuwo na ce, "Malam, game da Inna," ya ɗago, sai na ɓige da cewa gishiri ya isa? Na koma wurin Inna na ce ko za ta yarda ta sha maganin a bakin ƙofa lokacin da yake wucewa. Ta dube ni da idanun nan da suka kumbura ta ce, "Ke ba ki da kunya ne?"

A ranar ne dai na gani da idona. Da yamma na shiga da ruwa ba ta ji sallamata ba. Tana zaune ta ba ƙofa baya, ta kwance bakin zanenta inda ta ɗaure ƙullin, wurin da take ɗaure abin da ta fi ji da shi. Yatsunta suka daɗe suna laluben ƙwaya ɗaya. Ta yi bismilla, ta sa a baki, ta kurɓi ruwa. Saboda kumburin wuyan, haɗiyar ba ta tafiya sai ta miƙa wuya ta dafe shi da hannu, hawaye suna fitowa. Da ta wuce sai na ji ta ce a hankali, "Allah ya yi masa albarka." Na koma da baya da ruwana, na tsaya a bayan rumbu na yi kuka, kukan haushi. Mutum biyu suna son juna a gida ɗaya, kowa yana mutuwa a ɓangarensa, ni kuma an bar ni da tsintsiya a tsakani.

Na gaya wa Malam na gani da idona. Ya ce, "Ke dai kina son a shirya." Wato bai yarda ba, ya ɗauka rufa mata asiri nake yi. Nan ne na cika na yi fam.

Da asubar da ta biyo, na fito da langar kamar kullum. Maimakon in wuce bayan gida, sai na ajiye ta a kan hanyar da yake bi in ya dawo daga masallaci, daidai inda yake tuɓe takalmi a da. Na cire faifan da nake rufewa da shi. Na koma na ɗauki tsintsiya, ina sane da cewa abin da na yi ya isa a kira iyayena a kansa. Gari ya fara haske. Inna tana zaune a wurinta, fuska ga bango, ba ta san abin da ke bayanta ba.

Ya shigo. Na ji takalmin ya tsaya. Na ga fuskarsa ta haɗe, ya buɗe baki zai kira ni da faɗa, sai ya sake duban ƙasa. Farar langa ce, hasken safiya ya faɗa cikinta, ba abin da zai ɓuya. Shi da bakinsa ya gaya mini da me ake gane mai sha. Ya daɗe a tsaye. Ni dai ina ta sharar wuri ɗaya har na fara haƙa rami.

Sai ya naɗe hannun farar rigarsa, ya sunkuya ya ɗauki langar da hannu biyu, ya wuce bayan gida. Na ji ya zubar, na ji yana wankewa da toka, ya ɗauraye, ya sake wankewa. Ya fito ya kife ta a rana, ya wanke hannu. Sannan ya zo ya tuɓe takalmi ya tsuguna, kusa da ƙofar fiye da yadda ya saba.

"Ina kwana, Inna?"

Na ga kafaɗunta sun motsa. Can ta ce, da kaurin muryar nan, "Ke."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ki ce wa mutumin nan ya rame. A riƙa ƙara masa tuwo."

Ban san yaushe ta ga ramar ba, ita da ba ta dubansa. Na buɗe baki zan isar da saƙon, Malam ya ɗaga mini hannu alamar ya ji. Ranar Inna ta shanye kununta tas, har ta ce tsamiya ta yi kaɗan. Ni da Malam ba mu taɓa tayar da zancen langar nan ba har ya bar duniya, sai dai daga ranar, in ya riga ni tashi, nakan tarar da ita a wanke a kife.

Bakin Inna bai warke ba. Damina ta zo, nono ya dawo, ya ɗan lafa ya sake tashi. Jikinta ya ci gaba da yin sanyi, barci ya yi mata yawa, har wata rana da hantsi, bayan an gaisa, ta koma ta kwanta ba ta tashi ba. Malam bai ƙara fashin tsugunon nan ba ko sau ɗaya har ranar. Amma wani abu ya rage masa. Bayan an share makoki, muna zaune, ya ce da ni, "Maganin da ya warkar da kowa a garin nan, ita kaɗai ya ƙi. Ina jin hannuna ne ba shi da albarka a kanta." Na ce ya daina wannan magana, kwana ne ya ƙare. Ya ce haka ne. Na san bai bar tunanin ba, don ya sake faɗa da tsufansa, lokacin da shi ma yake kwance.

Shekaru masu yawa bayan rasuwarsa, jikata da ke karatun likita ta zo hutu. Ta ga ina shan wasu ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin, ta fara tsokanata wai in ban yi hankali ba zan rina masai. Na ce ke tafi can, na san wannan rawayar tun uwarki ba ta zo duniya ba. Daga nan na ba ta labarin Inna, ina ba ta don ta yi dariyar tserena da shawara. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni wuyan, ta tambaye ni jin sanyin, da muryar, da girar.

Ta ce, "Kaka, sunan abin da ke cikin ƙwayar nan ribofilabin, yana cikin nono da hanta da ƙwai da ganye. Amma yadda aka haɗiye shi ba ya aikin komai. Sai ya shiga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar jiki, a can akwai wasu masu aiki guda biyu da muke kira enzayim. Na farko ya kama shi ya ɗaura masa wani abu, ya miƙa wa na biyu ya ƙara masa wani. Sai an yi haka yake zama abin da jiki ke amfani da shi wajen juya abinci ya zama ƙarfi, da gyaran fata da baki."

Na ce, "Wato auduga ce. Sai an kaɗa, an saƙa, sannan a ɗaura."

Ta ce, "To kin ma fi malaminmu iya faɗa." Sannan ta taɓa gaban wuyanta. Ta ce akwai wani ɗan nama a nan da ke aika wa jiki umarni, kuma shi ne yake zaburar da enzayim na farkon. In ya yi rauni, kamar yadda yakan faru ga wasu masu maƙoƙo, sai aikin ya yi sanyi. Mutum ya sha ƙwayar, kaɗan ne zai juyu, sauran ya bi fitsari ya fita. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta ga Inna ba, amma duk abin da na lissafa ya yi kama da haka. Wuyan ne ya kamata a yi wa magani, kuma a lokacin ko malamin asibitin bai san alaƙar ba, don masu binciken ma sai daga baya suka gano ta.

Na tambaye ta, "To da wani ne ya kawo mata ƙwayar, ba shi ba?"

Ta dube ni da mamaki ta ce, "Ko wa ya kawo, Kaka, haka za ta fita."

Na ce ta miƙo mini ruwa, don in sami abin yi da fuskata. Na yi murna, na kuma ji baƙin ciki irin wanda na daɗe ban ji ba. Tun ina yarinya nake kai saƙo a gidan nan, na kai na gaisuwa, na kai na goro, na kai wanda baki ba ya iya faɗa. Ga shi wanda Malam ya fi bukata ya iso hannuna, a faɗe sarai, cikin kalmomin da zai gane. Da asuba na fito tsakar gida, na tsaya tsakanin inda ƙofar Inna take a da da inda yake tuɓe takalmi, na ce, "Malam, wai ba hannunka ba ne."